Dunƙule Ya Iya Fita Waje

Ranar da Nawaf ya shigo gida da ɗan kwikwiyo a cikin kwalin ayaba, matarsa Nuha ta daka tsalle ta faɗa kicin ta turo ƙofa. Kare a gida! A Makka, kuma a Utaibiyya, inda in ka yi tari maƙwabcinka zai yi maka sannu ta bango. Daga bayan ƙofar ta rantse, ta ce ko ita ko shi.

Nawaf ya bi ta da lallashi cikin Larabci, don shi da ita ba sa taɓa Hausa sai in tsohon Nawaf za su yi wa magana. Ai ta san garken tumakinsa na bayan gari, waɗanda yake kiwatawa don hadayar alhazai, ta kuma san ɓarayi sun fara yi masa ɗauki ɗai-ɗai. Karen gadi kuwa malamai sun halatta. Uwar kwikwiyon nan, mota ce ta take ta, in ya kai shi garke yanzu manyan karnuka za su yayyaga shi. Ya ɗan yi ƙwari kawai, kafin aikin hajji ya kwashe shi.

"Tsakar gida kaɗai," in ji Nuha, da ta gaji da musu. "Kashinsa da fitsarinsa a waje. Ranar da na ga ɗigo a cikin ɗaki, khalas, an gama."

To, wa zai koya wa kare fita waje? Nawaf tun asuba yake garke. Nuha ko da sanda ba za ta taɓa shi ba. Sai su biyun suka juya suka dubi Baba Wada, mahaifin Nawaf, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana jan carbi.

"Abuya, ga abin ɗebe kewa na kawo maka," in ji Nawaf.

Baba Wada ya haura saba'in. A unguwar Misfala, nan cikin Makka, aka haife shi, iyayensa a ƙafa suka tako daga ƙasar Kano. Da ƙuruciyarsa yana cikin ƙartin da ke ɗora gajiyayyun alhazai a gadon katako, su ɗauke su a ka su yi musu ɗawafi. Labarin da ya fi so ya bayar a majalisa shi ne na wani tsohon alhaji da ya saki fitsari ana tsakiyar ɗawafi, ya zubo masa ta ƙeya har gadon baya. In ya zo wurin, sai ya kwaikwayi fuskar alhajin, a yi ta dariya har da hawaye. Yanzu an rushe gidansu na Misfala, matarsa Safara'u ta rasu, shi kuma yana ɗan ɗakin bakin ƙofa a gidan ɗansa. Labarin alhajin nan kuwa ya daina ba da shi.

Ya daina ne saboda abin ya zo kansa. 'Yan watannin nan fitsari ba ya yi masa sallama, in ya taso ya taso. Wandunansa da kansa yake wankewa a banɗaki, ya shanya a bayan ƙofa inda ba mai gani. Yana da dalilin ɓoyewa. Bara, da Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyar Nuha, ta fara jiƙa shimfiɗa, ba a yi wata-wata ba aka kai ta gidan gajiyayyu. Baba Wada ya je gaishe ta, ya ga tsofaffi a jere an ɗaura musu kunzugu, kowa yana kallon bango. Ba ta kai azumi ba. Ranar da aka kai ta, ana cin abinci Nuha ta ce, "Ni dai komai zan iya, ban da wankin fitsarin babba." Nawaf bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Tsoho ya ji, ya adana. Ya san ranar da aka gane, ranar zai bar gidan nan.

Kwikwiyon kuwa ya shiga ransa farat ɗaya. Ɗan ja ne mai farin ƙirji, in zai yi barci sai ya naɗe wuri guda, don haka ya sa masa suna Dunƙule. Ba wanda ya koya wa Baba Wada horon kare, ido kawai ya sa. In Dunƙule ya tashi daga barci, waje. In ya ci ya sha, waje. In ya fara shinshina ƙasa yana kewaya kansa, sai tsoho ya sure shi ya gangara matakalar lungu da shi zuwa wani kango da ke bayan gida, ya ajiye shi gindin wata tumfafiya, kullum wuri ɗaya.

"Yi, Dunƙule. Yi abinka, ba mai kallonka."

In ya yi, sai Baba Wada ya zaro ɗan gutsuren gurasar tamis daga aljihu ya ba shi, ya shafa kansa. In kuwa ya yi kuskure a tsakar gida, ba duka ba tsawa, ya wanke wurin tas don kada warin ya sake jawo shi. Mai shagon kan kwana, wanda ke kiransa Ammi, wato baffa, yakan tsokane shi: "Ammi Wada, daga ɗaukar alhazai an koma ɗaukar kare?" Shi kuma ya ce, "Wannan ai ya fi wasu alhazan ladabi, bai taɓa zagina ba."

Kafin wata ya ƙare, Dunƙule ya iya. In abin ya matsa masa, sai ya je ya karci ƙofar ƙarfe da farce yana ɗan kuka, ya waiwayo ya dubi tsoho. In ya gama a gindin tumfafiya, ya rugo da gudu ya zauna, ido a kan aljihu. Kai, Baba Wada har ƙiba ya so ya yi don daɗi. Shi da ya kasa riƙe nasa, ga shi ya koya wa wata halitta riƙewa.

Sai wata Juma'a. Zafi ya yi zafi, esin ɗakinsa sai gurnani yake ba sanyi. Bayan an ci abincin rana ya lallaɓa falon baƙi, ya kishingiɗa a kan sabon kafet ɗin Nuha, wanda take ji da shi fiye da komai a gidan. Bai ja ƙofar tsakar gida da kyau ba, Dunƙule ya biyo sanyi ya shigo ya kwanta a ƙafarsa. Ɗumi ne ya tashe shi. Ya shafa, ya ji jallabiyarsa sharkaf, kafet ya sha ya ƙoshi. Ya tattare riga ya yi ɗakinsa da sanɗa, ya canza, ya cusa jiƙaƙƙiyar a ƙarƙashin katifa. Yana fitowa ya ji ihun Nuha.

Tana tsaye a kan wurin, hannu biyu a ka. Dunƙule kuma, ɗan banza mai son sanin komai, yana shinshina gefen lemar.

"Ammi! Zo ka ga abin da karenka ya yi mini!"

Wallahi yana da lokacin da zai yi magana. Bakinsa ma ya buɗe. Sai ya tuna tsofaffin nan masu kallon bango.

"Yaro ne," in ji shi. "Sai a hankali."

Nuha ta dubi faɗin lemar, ta dubi ɗan cikin kwikwiyon. "Wannan ɗan abin, duk wannan daga cikinsa?" Ta ɗan tsayar da ido a kan sabuwar jallabiyar tsoho, sannan ta kau da kai. Ko ta gane ko ba ta gane ba, Allah masani. Ita dai kare take so ya bar mata gida.

Nawaf ya sauko daga bene ido jajur da barci. Bai tambayi kowa komai ba. Ya damƙi Dunƙule ta ƙeya, ya dirza hancinsa a lemar har sai da ya shaƙe, sannan ya ja shi tsakar gida ya yanko guntun tiyo. Kukan kwikwiyo ba daɗin ji, musamman in yana yi yana neman inda zai ɓuya, kuma wurin da ya nufa shi ne bayan ƙafafun Baba Wada. Tsoho ya matsa gefe.

"Haka ake horon kare, Abuya, ba da gurasa ba," in ji Nawaf yana haki. "Daga yau in an yi la'asar ba shi ba ruwa." Ya juya ga Nuha ya roƙe ta dama ta ƙarshe, don hajji ya kusa.

Saura wankin kafet. Fitsarin ɗan Adam ruwa kawai ake kwarara masa ya tsarkaka, wannan Baba Wada ya sani tun yana makarantar allo. Amma najasar kare, a karatun da Nuha ta yi, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ta miƙo masa bokiti.

"Ammi, tunda ka san hanyar kangon, ɗebo mini ƙasa mai tsabta."

Ya gangara da tsakar rana, ya tsuguna nesa da tumfafiya ya cika bokiti da hannunsa, ya hauro yana nishi. Ya zauna ya kalli matar ɗansa tana dirza kafet da taɓo, tana ƙirgawa da ƙarfi, tana tsine wa kare da uwar kare. Duk wanki ɗaya sai ya ji kamar a fatarsa ake yi. Amma da ta kai na bakwai, abin da ya ji a ransa, tir da shi, sauƙi ne. Ya tsira.

Daga ranar Dunƙule ya zama wani iri. In ya ji takun Nawaf, ko ma na baƙo, sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa ya maƙale. Da yamma ya kwanta kusa da busasshen kwanonsa, harshe a waje, a zafin Makka na watan Zulƙida. Baba Wada yana gani, bai ba shi ko kurɓi ba. Shi ma ai ya yanke wa kansa ruwa tun azahar, leɓɓansa duk sun tsattsage. Duk da haka kwikwiyon bai fasa ba. In ya matsu zai ɗingiso ya karci ƙofa, ya yi abinsa a gindin tumfafiya, ya dawo ya zauna ya dubi aljihu. Shi dai bai san laifin da ya yi ba, sai ya ƙara riƙe abin da aka koya masa.

Karo na biyu da abin ya ƙwace wa tsoho ya fi muni, don wannan karon ba barci. Nuha ta yi baƙi mata, sun cika falo, banɗakin ƙasa kuma sai an ratsa ta gabansu. Baba Wada ya tsaya a soro yana jiran su ja labule, yana matse ƙafafu, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ina! Ya ji abin ya bi cinyarsa, ya taru a kan tayil, ya fara gangarawa wajen ƙofar falon. Ya shige ɗakinsa ya canza. Sannan ya fito ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya buɗe ƙofar tsakar gida, ya tsuguna, ya sa hannu a aljihu.

"Dunƙule. Zo, yaron kirki. Zo."

Ya fito daga ƙarƙashin tanki yana kaɗa wutsiya. Tsoho ya ɗauke shi ya dire a tsakiyar lemar, ya tuɓe silifarsa, ya ɗaga murya yadda matan za su ji.

"Ɗan banza! Ka sake? Ka sake?"

Ya ɗirka masa, ya ƙara, ya ƙara. Dunƙule bai ma gudu ba, kwanciya ya yi ya ba da ciki yana kallonsa. Matan suka leƙo suna toshe hanci, wata ta ce haram ne mala'iku su kasa shiga gida saboda wannan ƙazanta, wata ta ce Allah ya saka wa tsoho, shi kaɗai ke fama. Nuha kuwa waya ta ɗauka ta kira mijinta.

Da Nawaf ya dawo, hukunci a bakinsa ya zo da shi. Baba Wada ya ce to a kai shi garke mana, can ai ba kafet.

"Ya yi gadin me?" in ji Nawaf. "Karen da in ya ji takun mutum yake ɓuya? Na riga na samu babba wurin wani abokina. Wannan gobe zan zubar da shi."

Amma fa Nawaf mai tsoron Allah ne, irin nasa. Ƙasar Harami ko ƙaya ba a cirewa, ko tsuntsu ba a korawa, ba zai yar da rai ya mutu a cikinta ya ɗauki zunubi ninki ba. Sai an fita iyaka tukun. Ka ji taƙawa!

Washegari da hantsi Dunƙule ya ƙi fitowa daga ƙarƙashin tanki. Nawaf ya zungure shi da sanda, ya ƙi. Dole aka kira tsoho. Kira ɗaya ya yi masa ya fito, da kumburarren ido, ya lashi yatsunsa.

"Sai ka zo ka riƙe shi, Abuya, in ba haka ba zai hana ni tuƙi."

Baba Wada ya so ya kai shi kango tukun, shi ma ya kewaya, don ya sha shayi da safe. Nawaf ya ce ba lokaci, masu kawo ciyawa na jiransa. Ya ɓarke tsohon kwalin ayaban nan ya shimfiɗa a tsakiyar kujerar a-kori-kurarsa, ya ce a ɗora shi a kai, kada ya ɓata masa mota.

Suka fita Utaibiyya suka ɗauki hanyar Madina. Tun kafin su kai Tan'im, inda alamun iyakar Harami suke, Dunƙule ya fara. Ya tsallaka cinyar tsoho ya karci ƙofar mota da farce, ya yi ɗan kukan nan, ya waiwayo ya dube shi. Baba Wada ya san wannan kallon sarai.

"Ka gani ko? Yanzu zai saki," in ji Nawaf. "Mayar da shi kan kwalin."

Bai saki ba. Suka wuce masallacin Tan'im, ga masu umara cikin fararen harami suna hawa motoci. Suka wuce gidajen ƙarshe, suka bar kwalta suka bi wata hanyar tsakuwa tsakanin baƙaƙen duwatsu. Kwikwiyon yana rawar jiki, yana nishi, amma ya riƙe. Tsoho ma yana riƙe da nasa, gumi na tsattsafo masa duk da esi.

A wani busasshen kwari Nawaf ya taka birki. Ba gida, ba rijiya, ba inuwar kirki.

"Buɗe ka sauke shi. Kada ka fita, in ka taka ƙasa zai manne maka."

Baba Wada ya buɗe ƙofa, zafi ya doki fuskarsa. Ya sunkuya ya ajiye Dunƙule. Kwikwiyon bai tsaya kallon wuri ba, ya ruga yana shinshina, har ya samu wata 'yar tumfafiya a gefen dutse. Ya kewaya ta, ya tsuguna. Ya daɗe yana yi, Allah sarki, tun daren jiya yake riƙe da shi. Da ya gama ya juyo da gudu, kunnuwa na tashi, ya zo daidai ƙofar ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi aljihu.

Hannun tsoho yana cikin aljihun, a kan gurasar. Nawaf ya miƙo hannu ta gabansa ya ja ƙofar, ya ba mota wuta.

A madubin gefe Baba Wada ya ga ɗan jan abu yana bin ƙura, yana faɗuwa yana tashi. Motar ta faɗa wani rami ta yi tsalle, ta sake faɗawa wani. A na biyun ne abin ya ƙwace masa. Ya matse, ya dafe, ya kira sunan Allah, a banza. Ɗumin ya bazu a ƙarƙashinsa, ya rina yadin kujera, ya fara ɗiga a ƙasan mota, ɗis, ɗis.

Nawaf ya shaƙi iska. Ya dubi kwalin da ke tsakaninsu, a bushe ƙamas. Ya dubi cinyar mahaifinsa. Ya rage gudu har motar ta tsaya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Fuskarsa ta nuna yana lissafin kafet, da soro, da guntun tiyo.

"Ba shi ba ne," in ji Baba Wada. "Tun farko ba shi ba ne. Nawaf, don Allah mu koma. Bai yi nisa ba, yana nan tafe."

Nawaf ya sauke gilashin ɓangarensa. Ya jawo kwalin ya ninka biyu.

"Ɗaga, Abuya."

Tsoho ya dafa ƙofa ya ɗaga, ɗansa ya tura masa kwalin a ƙarƙashi ya zauna. Motar ta tashi, gaba ta yi, ba ta juya ba. Suna hawa kwalta Nawaf ya danna waya ya kara a kunne, ya yi magana da Larabci a hankali, sai ka ce wanda aka haifa a Misfala ba zai ji ba.

"Nuha, gidan nan da aka kai Inna Hajara, kina da lambarsu?"

Baba Wada ya sake duba madubi. Ba komai a ciki sai hanya da duwatsu. Gurasar tana hannunsa har yanzu, ta jiƙe da gumi, ya rasa inda zai ajiye ta.